Harajin kansil da mazauna jiragen ruwa a Ingila: wa ke biya, wa ba ya biya, ina adalcin yake?

Baban Sadiq:
Assalamu alaikum jama'a. Tsadar haya a Landan ta sa ana yawan tambaya kan zama a jirgin ruwa, irin dogayen jiragen nan marasa faɗi da ake gani a ɗaure a kanal (hanyar ruwa da aka haƙa) mai suna Regent's Canal da kogin Lea. Maganar da ke yawo ita ce wai mazauna ruwa ba sa biyan harajin kansil, wato harajin da ƙaramar hukuma ke karɓa a kan gidaje. Wasu na faɗa da sha'awa, wasu da haushi. Ina so masana cikinmu su baje mana ita a faifai: wa doka ta ce ya biya, nawa zai biya, kuma wanda ba ya biya, cin bulus yake yi ko akwai inda yake zuba nasa? Barista, bismillah.

Barista:
Wa alaikumus salam. A fara gane abu ɗaya, sauran duk a kansa suka rataya: harajin kansil ba a kan jirgi yake ba, a kan gurbin da aka ɗaure jirgin yake. Harajin ya fara aiki ne ranar 1 ga Afrilun 1993, kuma haraji ne na wurin zama. Doka ta ɗauki gurbin ɗaure jirgi a matsayin wurin zama idan jirgin da ke cikinsa shi ne gidan mutum tilo, ko shi ne babban gidansa. Daga nan mazauna ruwa suka kasu uku.

Akwai mai gurbi na dindindin wanda aka amince a zauna a cikinsa. Wannan ofishin ƙiyasta darajar gidaje, wato VOA, zai saka gurbinsa a rukuni, kansil ta turo masa takardar biya kamar kowane mai gida. Rukunan Ingila daga A zuwa H ne, bisa darajar da wuri zai yi a ranar 1 ga Afrilun 1991. Rukunin A shi ne abin da bai wuce fam 40,000 ba, kuma mafi yawan gurabe nan suke faɗawa. Idan jirgin yana fita yawo yana dawowa, darajar gurbin kawai ake dubawa. Idan kuwa ya kafu wuri guda, irin manyan gidajen ruwa na kogin Thames da ba sa motsi, ana haɗawa da darajar jirgin kansa, kuma hakan na iya ɗaga shi sama da A.

Akwai wanda yake cikin marina, wato tashar ajiye jirage ta haya, amma ba shi da gurbin da za a ce nasa ne shi kaɗai, mai marina na iya matsar da shi duk lokacin da ya ga dama. A irin wannan sau da yawa marinar ake ƙiyastawa gaba ɗaya, takardar ta je wa mai wurin, shi kuma ya cusa kuɗin cikin hayar gurbi. Mutumin yana biya, sunansa ne kawai ba ya kan takarda.

Na uku su ne ake rigima a kansu: marasa gurbi. Dokar hanyoyin ruwa ta 1995 ta ba mutum damar karɓar lasisi ba tare da gurbi ba, da sharaɗin yana tafiya da jirgin da gaske, kuma ba zai wuce kwana 14 a wuri ɗaya ba sai da uzuri mai ma'ana. Tunda babu gurbi, babu abin da za a saka a rukuni. Ba zamba ba ce, ba kuma ɓuya ba ce. Ko da mutumin ya je ofishin kansil da kuɗi a hannu, babu asusun da za a zuba su.

Maman Ummi:
Barista, na ji bayanin doka, Allah Ya ƙara sani. Amma halas a doka daban, adalci daban. Mai jirgin da ke zagaye tsakanin unguwannin Hackney da Islington na Landan shekara da shekaru, in gobara ta tashi a jirginsa 'yan kwana-kwana ne za su zo. In aka fasa masa jirgi 'yan sanda zai kira. Yana bin titi, fitilun titi na haska masa, yana shiga laburare, yaransa na wasa a filin unguwa. Cikin takardar harajin kansil akwai kason 'yan sanda da na kashe gobara a rubuce. Ita kuwa matar da ke hayar ɗaki ɗaya da falo a bene na bakwai, tana kallon jirgin nasa ta taga, duk wata sai an cire mata. Ta yaya za a ce mata wannan daidai ne?

Malam Akawu:
Bari in saka lissafi don mu san girman abin da muke magana a kai. Matsakaicin harajin rukunin D a Ingila a shekarar kuɗi ta 2025 zuwa 2026 fam 2,280 ne. Rukunin A na biyan kashi shida cikin tara na D, wato fam 1,520. Baligin da ke zaune shi kaɗai ana rage masa kashi 25 cikin 100, ya koma fam 1,140. To wannan shi ne abin da mai jirgi ɗaya, mai zaman kaɗaici, zai biya a matsakaiciyar kansil.

Jiragen da ke da lasisin hukumar kanal, wato Canal & River Trust, kimanin 35,000 ne, kuma wajen ɗaya cikin biyar ne marasa gurbi. A ce 7,000. Ko da kowannensu ya biya fam 1,140, abin da za a tara bai kai fam miliyan 8 cif ba. Harajin kansil da ake tarawa a Ingila ya haura fam biliyan 40 a shekara. Kuma wannan lissafin ma na cika shi da yawa, domin cikin 7,000 ɗin akwai 'yan fansho masu gida a tudu, suna biyan harajinsu a can, jirgin na yawon bazara ne kawai. Akwai kuma masu ƙaramin ƙarfi da za su cancanci rangwame.

Maman Ummi:
Malam Akawu, ƙanƙantar kuɗin ba hujja ba ce. Da haka ne kowace unguwa sai ta ce nata kason ɗigo ne a teku. Kuma ba a warwatse suke ko'ina daidai ba. A Landan da yammacin kanal ɗin Kennet da Avon, tsakanin Bath da Bradford-on-Avon, a cunkushe suke. Nauyin a kan 'yan kansiloli kaɗan yake.

Injiniya:
Hajiya, maganarki ta cunkoso gaskiya ce. Amma mu duba abin da mai jirgi ke biya, da kuma aikin kansil da ba ya taɓa zuwa kansa.

Jirgi marar faɗi ƙafa 6 da inci 10 ne faɗinsa, saboda ƙananan ƙofofin ruwa, inda ake ɗaga jirgi ko sauke shi daga wani matakin ruwa zuwa wani, faɗinsu ƙafa 7 ne. Mai tsawon ƙafa 57, wanda shi ne aka fi nema don yana shiga kusan ko'ina, lasisinsa na shekara ya haura fam dubu ɗaya. Kafin a ba ka lasisin sai ka nuna inshorar da za ta biya wanda ka yi wa ɓarna har fam miliyan 2, da takardar binciken lafiyar jirgi da ake sabuntawa duk shekara 4, inda ake duba bututun gas, wayoyin lantarki, tankin mai, murhu, hanyar shigar iska da na'urar gano hayaƙi mai guba. Daga Afrilun 2024 an ɗora wa marasa gurbi ƙari a kan lasisi, an fara da kashi 5 cikin 100, ana hawa kowace shekara har ya kai kashi 25 a 2028. Jirage masu faɗi su ma nasu ƙarin zai kai kashi 25 ko 50, gwargwadon faɗin. Idan lasisinka fam 1,300 ne misali, ƙarin kashi 25 fam 325 ne.

To me kuɗin ke yi? Motar sharar kansil ba ta zuwa bakin jirgi. Mai jirgi yana tara shararsa ya kai wuraren da hukumar kanal ta tanada, kuma ita ke biyan kamfanin kwashewa. Ruwan sha daga famfunan gefen kanal yake cika tanki. Ban-ɗaki iri biyu ne: mai ƙaramin akwati da ake cirewa a je a juye a wurin da aka keɓe, wanda mutum biyu ke cikawa cikin 'yan kwanaki, ko mai babban tanki da ake zuƙewa da inji a biya kuɗi. Hanyar gefen ruwa, wadda masu keke da masu motsa jiki na unguwa ke bi kyauta, galibi hukumar kanal ce ke kula da ita. Ga ƙofofin ruwa sama da 1,500, waɗanda katakonsu ke kai kimanin shekara 25 kafin a sauya, ga yashe laka, ga madatsun ruwa tsofaffi. A watan Agustan 2019 da madatsar Toddbrook ta lalace sai da aka kwashe mutum kusan 1,500 daga garin Whaley Bridge. Waɗannan mutanen tudu ne, kuma kuɗin lasisin masu jirgi na cikin abin da ake riƙe irin wannan madatsa da shi.

Maman Ummi:
Injiniya, duk wannan kuɗin hanya ne. Mai mota ma yana biyan harajin mota da inshora da gwajin shekara, bai hana shi biyan kansil ba. Kuma shara ƙaramin kaso ce a kasafin kansil. Babban abin da ke cinye kuɗin shi ne kula da tsofaffi da nakasassu da yaran da ke hannun hukuma. Wannan ba saye da sayarwa ba ne da za ka ce ban amfana ba don haka ba zan biya ba. Mai jirgin nan in ya tsufa, ƙafa ta ƙi hawa ƙofar ruwa, kansil ce za ta nema masa masauki da mai kula da shi.

Barista:
Nan kam Hajiya ta kama gaskiya, kuma bai kamata a kauce mata ba. Hujjar "ba na amfani da motar shara" ba ta tsayawa, domin harajin kansil ba kuɗin aiki ba ne. Abin da zan gyara kawai shi ne batun makaranta da asibiti da ake yawan cusawa cikin wannan muhawara. Asibitocin gwamnati na NHS daga harajin ƙasa ake riƙe su, kuɗin makarantun gwamnati ma mafi yawansa daga gwamnatin tsakiya yake zuwa. Mai jirgin da ke aiki ana cire masa harajin albashi, yana biyan harajin saye. Ko man dizal ɗinsa, tun 2008 sai ya bayyana kason da zai tuƙa jirgi da shi ya biya cikakken haraji a kai, kason ɗumama ɗaki da wuta ne kawai ke da sauƙi. Abin da ya rage a kansa da gaske shi ne kason ayyukan unguwa.

Matsalar ita ce wa za a ba. Regent's Canal bai kai mil 9 ba, amma ya ratsa Westminster, Camden, Islington, Hackney da Tower Hamlets. Kansil biyar, kowace da nata farashi, kuma na Westminster na cikin mafi araha a ƙasar. Wanda ya bi ƙa'ida ya tashi duk kwana 14 zai sauya wuri sau 26 a shekara. Hukumar kanal ma tana sa ran ganin tafiyar da ta kai wajen mil 20 a tsawon lasisi, in ba haka ba ta rage maka lasisin zuwa wata 6, in ka ci gaba ta ƙi sabuntawa, daga nan sai kotu da ɗauke jirgi daga ruwa. Wato doka ɗaya na tilasta maka kada ka zama ɗan unguwa, ana kuma zarginka da ƙin biyan kuɗin unguwa.

Dattijo:
Ku gafarce ni in sa baki. Wannan ita ce tsohuwar matsalar jangali. Haraji an gina shi a kan wanda ke zaune, shi kuwa makiyayi damina a wata gunduma, rani a wata. Abin da ya sa aka iya karɓa shi ne takardar shaida: ka biya sau ɗaya, ka riƙe rasit, duk hakimin da ya tare ka ka nuna. Inda aka samu ɓaraka shi ne inda aka karɓa sau biyu, ko aka karɓa ba a ga rijiya ko allurar shanu ba. In za a karɓi wani abu daga masu jirgi, a karɓa sau ɗaya a wuri ɗaya, kuma su ga aikinsa a bakin ruwa.

Malam Akawu:
Allah Ya ja kwana, Baba. Hanyar da za ta yi kama da haka ita ce a ɗora wani kaso a kan lasisi, hukumar kanal ta karɓa, a raba wa kansiloli. Kayan aikin rabon ma akwai: ma'aikatanta na bin gefen ruwa suna rubuta lambar kowane jirgi da inda suka gan shi, da wannan bayanin ake gane wanda ya wuce kwana 14. Ana iya cewa kansil kaza ta samu kashi kaza na kwanakin jirage, a ba ta gwargwadon haka.

Amma ga inda za ta ci tura. Canal & River Trust ƙungiyar agaji ce da ta gaji tsohuwar hukumar gwamnati British Waterways a 2012, ba ta da ikon karɓar haraji a madadin kansil, sai majalisa ta yi sabuwar doka. Ba ita kaɗai ke da ruwa ba: Thames daga Teddington zuwa sama na hannun hukumar muhalli, yankin Broads na da tasa hukumar, Scotland ma daban. Sannan dole a tace masu gida a tudu don kada su biya sau biyu. Mafi wuya shi ne rangwamen masu ƙaramin ƙarfi. Tun 2013 kowace kansil ke tsara nata tsarin rangwame. Wanda ba ɗan kowace kansil ba, wa zai duba takardunsa? In aka ce kowa ya biya kuɗi ɗaya ba rangwame, an koma harajin kai na zamanin Firaminista Thatcher ke nan, wanda ya jawo tarzomar Trafalgar Square a Maris 1990, kuma wahalar bin mutanen da ke sauya adireshi na cikin abin da ya kashe shi.

Baban Sadiq:
To ƙarin kashi 25 da Injiniya ya ambata fa? Ba shi ne gudummawar ba?

Injiniya:
A'a, ko sisi ba ya zuwa kansil. Hukumar kanal ke riƙewa, hujjarta ita ce marasa gurbi sun fi amfani da famfo da wurin shara da ƙofofi. Kuma tana cikin matsi: tallafin gwamnati ya tsaya a fam miliyan 52.6 a shekara har 2027, kuma a Yulin 2023 aka sanar cewa daga nan zai riƙa raguwa da kashi 5 cikin 100 kowace shekara har tsawon shekara goma. Ƙungiyar masu yawo da jirgi, NBTA, ta yi adawa da ƙarin sosai, tana ganin hanya ce ta korar talakawa daga ruwa. Ni a ganina duk wanda zai kawo sabon kaso na kansil dole ya lissafa da wannan ƙarin, in ba haka ba mutum ɗaya za a yi wa aski biyu.

Barista:
Ni inda na fi ganin gyara ba a kan masu yawo na gaskiya ba ne. Da yawa cikin marasa gurbi a Landan da Bath ba yawon suke so ba. Aikinsu na wuri ɗaya, makarantar yara na wuri ɗaya. Da za su sami gurbin zama mai araha da gudu za su karɓa, su biya rukunin A, su sami adireshi. Guraben ne babu, domin gurbin zama na buƙatar izinin tsara gari daga kansil, maƙwabta na tudu kan yi ƙorafi, kuma 'yan kaɗan da ake da su a Landan hayarsu ta shekara na iya haura fam dubu goma. Dokar gidaje ta 2016, sashe na 124, ta wajabta wa kansiloli su duba bukatar masu zama a jiragen ruwa idan suna ƙiyasta bukatar gidaje. Kansil ɗin da ke kukan ba a biyanta, a tambaye ta gurbi nawa ta amince da shi tun daga lokacin. Kowane gurbi ɗaya takardar haraji ɗaya ce, ba tare da sabuwar doka ba.

Wani abin da ke ci mini rai: mai gurbin da ke biyan harajin kansil cif-cif ba shi da kariyar da mai haya a tudu ke da ita. Yarjejeniyar gurbi yawanci izini ce kawai, mai marina na iya ba ka wa'adi ka tashi. Dokar 1983 da ke kare mazauna gidajen tafi-da-gidanka a filayen da aka amince ba ta shafi jirage ba. In ana maganar adalci, wannan ma a saka shi a sikeli.

Maman Ummi:
Na yarda da batun gurabe, kuma ban san ba su da kariya haka ba. Amma ban janye ba: wanda ya zaɓi yawo, yana da albashi mai kyau, ya kamata a sami hanyar da zai saka wani abu a asusun kula da tsofaffi. Ko rabin rukunin A ne. Wahalar tsarawa ba ta soke haƙƙi.

Ƙanwar Zainab:
Yayyena, tambaya ta aiki. Wanda ya kama gurbin shaƙatawa, ba na zama ba, amma a jirgin yake kwana kullum, shi ina matsayinsa?

Barista:
Ƙanwata, wannan shi ne wurin da mutane suka fi faɗawa rami. Harajin kansil bai damu da sunan da aka kira gurbin ba, abin da yake dubawa shi ne ko nan ne babban gidanka a zahiri: ina kake kwana, ina kayanka, ina likitanka, wane adireshi ka ba banki da wurin aiki. In kansil ta gano, za ta sanar da VOA a saka gurbin a rukuni, kuma takardar na iya komawa baya zuwa ranar da ka fara zama. Daga nan sashen tsara gari na iya tasowa mai marina, shi kuma hanya mafi sauƙi gare shi ita ce ya soke yarjejeniyarka. Ka tashi da bashi, ka rasa gurbi. Don haka kafin ka sa hannu ka nemi abu biyu a rubuce: shin gurbin na da izinin zama, kuma wa ke biyan harajin, kai ko marina.

In takarda ta zo, ka nemi ragin kashi 25 idan kai kaɗai ne baligi, ba ya zuwa da kansa. Ɗalibi mai karatu na cikakken lokaci ba a lissafa shi. Gurbin da babu jirgi a cikinsa an yafe masa haraji, don haka in za ka yi doguwar tafiya ka rubuta wa kansil ranar tashi da ranar dawowa, ka ajiye rasit na mai ko na wani gurbin a matsayin shaida. In rukunin ne ba ka yarda da shi ba, VOA za ka tunkara cikin wata 6 da fara biya. In kuwa cewa kake ba kai ne ya kamata ka biya ba, ka rubuta wa kansil, tana da wata 2 ta amsa, sannan ka wuce kotun ƙiyasi. A duk wannan kada ka daina biya. In ka tsallake wata ɗaya za a turo tunatarwa ta kwana 7, in ka yi shiru a nemi kuɗin shekara gaba ɗaya, sai kotun majistare da ƙarin kuɗin shari'a. Masu jirgi sun fi kowa faɗawa wannan saboda wasiƙa na zuwa ofishin marina ta kwanta, don haka a nemi takardar ta imel, a kuma nemi a raba biyan wata 12 maimakon 10.